Ɗalibi na Koyar da Ɗalibi a Jami'a: Ina Ribar, Ina Haɗarin?

A watan Janairun 2020 wani mai raba gardamar ƙwadago ya umarci Jami'ar Kalifoniya reshen Berkeley da ta biya ɗalibanta sama da 1,000 kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 5. Yawancin waɗannan ɗalibai ko digirin farko ba su gama ba, amma su ne ke riƙe da ƙananan azuzuwa a sashen injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta, su ke duba jinga, su ke zama da na baya da su har dare suna warware musu abin da ya shige musu duhu.

Asalin rigimar sa'o'i biyu ne kacal. Yarjejeniyar da ke tsakanin jami'ar da ƙungiyar ma'aikata ta ce duk mataimakin malamin da ke aikin sa'o'i 10 ko fiye a mako, za a ɗauke masa kuɗin makaranta na wannan zango, ban da albashinsa. Sai sashen ya riƙa ɗaukar mataimaka a kan sa'o'i 8. Ƙungiyar ta kai ƙara a 2017, ta ce da gangan ake tsayawa ƙasa da layin. Malaman sashen kuma suka ce sa'o'i 8 su ne daidai ƙarfin ɗalibin da shi ma yake da nasa karatun, kuma da wannan tsarin ne suke iya karɓar duk mai son kwas ɗin ba tare da an rufe wa kowa ƙofa ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma wannan shi ya sa batun yake da wuyar sha'ani: tsari ɗaya ne, ta wannan fuska hanyar koyarwa ce mai kyau ƙwarai, ta waccan fuska kuma hanyar samun ma'aikata ce da araha.

Sai an kalli lissafin kafin a gane yadda aka zo nan. Kwas ɗin share fage na kimiyyar kwamfuta a Berkeley, wanda ake kira CS61A, ya kai ɗalibai wajen 2,000 a zango ɗaya a 2019. A ce kowane ɗalibi ya miƙa jinga ɗaya a mako, kuma duba kowace ɗaya na cin minti 10, an tashi da sa'o'i sama da 330 ke nan, alhali mako gaba ɗayansa, dare da rana, sa'o'i 168 ne. In kuma za a raba su rukuni-rukuni na mutum 30 don a samu damar tambaya da amsa, ana buƙatar rukuni sama da 60. Babu farfesan da zai iya wannan, ko da ya daina barci. A al'adar jami'o'in Amurka masu karatun digiri na biyu da na uku ne ke cike wannan giɓi, to amma su ma ba su ƙaru daidai da yadda na ƙasa suka ƙaru ba. Wani rahoto na ƙungiyar sassan binciken kwamfuta ta Arewacin Amurka da ya fito a 2017 ya nuna cewa masu karatun digirin farko a fannin sun ninka fiye da sau uku daga 2006 zuwa 2015 a manyan jami'o'i, yayin da adadin malamai ya ɗan motsa kaɗan. Wanda ya gama digirin digirgir a kwamfuta kuwa, kamfanoni na jiransa a bakin ƙofa da albashin da jami'a ba za ta iya tayawa ba. Da aka waiga, ma'aikatan da suka rage a hannu su ne yaran da suka ci kwas ɗin bara da maki mai kyau.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙarshen ƙarni na 18 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Andrew Bell, yana kula da makarantar marayu a Madras ta Indiya, ya sa manyan yara su riƙa koyar da ƙanana, ya kuma wallafa bayanin tsarin a 1797. Shekara guda bayan haka Joseph Lancaster ya buɗe tasa makarantar a Landan a kan irin wannan tsari, har ana tallata cewa malami ɗaya zai iya riƙe yara 1,000 in yana da isassun monitoci. Abin ya bazu kamar wutar daji a Turai da Amurka saboda dalili guda: araha. Kuma araha ɗin ce ta kashe shi. Yaron da aka ɗora wa aji bai san komai ba sai abin da aka haddace masa da safe, shi ma sai ya haddace wa na ƙasa da shi, in aka yi masa tambayar da ta kauce daga layi sai ya yi zuru. Zuwa 1846 Ingila ta koma ga tsarin ɗalibi mai koyon malanta, wanda ake horar da shi shekara biyar, ana biyansa, ana kuma jarraba shi duk shekara. Duk muhawarar da ake yi yau a jami'o'i tana cikin wannan tarihi a dunƙule.

A jami'ar zamani, sunan da aka fi dangantawa da wannan al'ada shi ne Andries van Dam na Jami'ar Brown, wanda ya fara ɗaukar 'yan digirin farko su taya shi koyar da kwamfuta tun 1965, lokacin da abin ya zama baƙo a idon sauran malamai. Yau sashen na ɗaukar ɗaruruwansu duk zango, har da matakai: akwai mataimaka, akwai shugabannin mataimaka na kowane kwas, akwai kuma 'yan ƙalilan da ke kula da tsarin gaba ɗaya. Sukan dawo makaranta kafin kowa ya dawo, su yi kwanaki suna gyara jingar da za a bayar da gwada ta. A Jami'ar Stanford kuma tun shekarun 1980 ake da tsarin jagororin rukuni, inda kowane jagora ke riƙe da ɗalibai goma da 'yan kai, yana haɗuwa da su sau ɗaya a mako, sannan ya zauna da kowannensu shi kaɗai su bi aikinsa layi-layi. Ba a ba mutum wannan matsayi sai ya yi gwajin koyarwa a gaban masu zaɓe, kuma zangonsa na farko yana koyarwa yana halartar ajin horo. Barazil ta sa abin a doka tun 1968, Jamus ma na da dubban ɗalibai masu irin wannan aiki. Saboda haka ba a ƙananan makarantu marasa kuɗi kawai ake yi ba, masu hannu da shunin ma suna yi, wasunsu ma da alfahari.

Wuri ɗaya da mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar duk waɗannan a matsayin abu ɗaya. Akwai ɗalibin da aikinsa kawai ya taimaka a fahimta, babu ruwansa da maki. Misalinsa tsarin da Deanna Martin ta ƙirƙiro a Jami'ar Missouri da ke birnin Kansas a 1973: ana duba kwasa-kwasan da ɗalibai suka fi faɗuwa, sai a samo wanda ya ci kwas ɗin a baya, ya sake zama cikin lakca tare da sababbi, bayan an tashi ya jagoranci bita ga duk mai so. Hikimar ita ce kwas ɗin ake yi wa tambarin wahala, ba ɗalibin ake yi wa tambarin daƙiƙanci ba, don haka babu mai jin kunyar zuwa. Wannan tsari ya isa Birtaniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Akwai kuma na Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda ya taso a farkon shekarun 2000 a sassan kimiyya, inda mataimakan ke zagayawa cikin aji lokacin da ɗalibai ke aiki rukuni-rukuni, kuma dole su ɗauki kwas a kan dabarun koyarwa, su kuma zauna da malamin kwas ɗin duk mako. Sai kuma ɗaya ɓangaren, inda ɗalibi ke riƙe da aji nasa, yana duba jinga, yana sa maki, wani lokaci har da hannunsa a shirya tambayoyin jarrabawa. Na farkon kusan babu mai ja da shi. Kusan duk ƙorafin da ake ji a kan na biyun ne.

Me ya sa na farkon ke aiki haka? Farfesan da ya shekara 25 yana koyar da lissafi ya manta yadda rashin sani yake. Matakai uku ko huɗu da ke tsakanin layin farko da na biyu sun zame masa jiki har ba ya ganinsu, sai ya rubuta a allo ya ce “a bayyane yake cewa”, ya wuce, alhali a nan ne rabin ajin suka faɗi. Wanda ya yi kwas ɗin watanni takwas da suka wuce kuwa, tabon yana nan jikinsa. Ya san daidai inda ya yi tuntuɓe, ya san wane misali ne ya buɗe masa kai, ya san kuskuren da kowa ke yi a mako na biyar. Na biyu kuma akwai kwarjini. Ɗalibar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a ɗakin da ke da mutum 800 ta ce ba ta gane ba, za ta iya ce wa wadda ta girme ta da shekara ɗaya, “don Allah maimaita, ni tun daga farko na ɓata.” Duk wanda ya yi karatun tsangaya ya san wannan ba sai an gaya masa ba: alaramma yana can zaune, amma gardi ne ke biya wa kolo allonsa, kuma wurin gardin yaro ke iya cewa a sake biya masa sau biyar.

Ga yadda abin ke kasancewa a ɗakin taimako da daddare, kwana ɗaya kafin a rufe karɓar jinga. Sunaye sun cika layi, kowane mataimaki yana da 'yan mintoci ga kowane mutum. Ɗalibi ya juyo da kwamfutarsa, idonsa ya yi ja, ya ce manhajar ta ƙi aiki tun la'asar. Mataimakiyar ta kalli allon, cikin daƙiƙa kaɗan ta hango matsalar: ƙirgen ya wuce iyakarsa da ɗaya. Hannunta na ƙaiƙayi ta ja madannin ta gyara, layi ya ragu, kowa ya huta. Wadda aka horar za ta naɗe hannunta ta ce, “Gaya mini me kake zaton wannan layin zai yi in jerin yana da abu uku.” Ya fara ƙirgawa da yatsa, sifili, ɗaya, biyu, uku, sai ya tsaya, ya dafe kai. Ya gano da kansa. Wadda ba a horar ba ta riga ta gyara masa, ya yi godiya ya tafi, kuma zai dawo mako mai zuwa da irin wannan kuskuren. Dukansu biyu sun san kwamfuta daidai wa daida. Abin da ya raba su shi ne wani ya zauna ya koya wa ɗaya cewa ba da amsa daban, koyarwa daban.

Shi kansa mai koyarwar yana cin riba, wataƙila ma fiye da wanda yake koyarwa. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga Jami'ar Washington da ke St. Louis ya raba ɗalibai kashi biyu, aka ba su rubutu ɗaya su karanta. Aka ce wa kashi ɗaya za a jarraba su, aka ce wa ɗayan za su koyar da wani. A ƙarshe duka aka jarraba su, babu wanda ya koyar da kowa, amma waɗanda suka yi shirin koyarwa sun fi tuna manyan batutuwa, kuma amsarsu ta fi tsaruwa. Tunanin cewa wani zai tsare ka da tambaya kawai ya isa ya sauya yadda kake karatu. Ga kuma iya magana a gaban jama'a, da haƙuri, da kusanci da malamin da gobe zai rubuta maka takardar shaida. Colorado ma da gangan ta gina nata tsarin don ta jawo hazikan 'yan kimiyya su shiga aikin malanta a sakandare.

Sai dai a yi hattara da alƙaluman da masu tallata tsarin ke yawo da su. Sau da yawa za ka ji an ce waɗanda ke zuwa bita sun fi waɗanda ba sa zuwa maki. To su wa ke zuwa bitar da ba dole ba? Masu himma. Da ma ko babu bitar za su iya fin sauran. Masu bincike na ƙoƙarin cire wannan ta hanyar kwatanta ɗaliban da suka shigo da maki iri ɗaya, kuma galibi ribar takan ragu amma ba ta ɓacewa. Wata matsalar ita ce da wuya a kawo mataimaka ba tare da an sauya fasalin kwas ɗin gaba ɗaya ba. Babban nazarin da Scott Freeman da abokansa suka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike 225, ya gano cewa faɗuwa a kwasa-kwasan kimiyya da lissafi da injiniya ta kai kusan kashi 34 cikin 100 inda lakca zalla ake yi, ta sauko kusan kashi 22 inda ɗalibai ke aiki da tattaunawa a cikin aji. Wannan shaida ce a kan salon koyarwa. Ni a ganina amfanin mataimakan shi ne su ke sa wannan salo ya yiwu a ajin mutum 500, domin malami ɗaya ba zai iya leƙa rukuni 100 ba. In aka kawo su aka bar lakca yadda take, aka ce su maimaita ta da yamma, an koma makarantar Lancaster.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato maki. Ranar da aka ba ɗan shekara 20 jan biro, alaƙarsa da ajin ta canza. Abin da ya sa ake sakin jiki da shi tun farko shi ne ba shi da iko, to yanzu ya samu. Kuma mutanen da yake yi wa hukunci ba baƙi ba ne: wannan ɗakin kwanansu ɗaya, wancan suna ƙungiya ɗaya, waccan ya taɓa nema ta ƙi shi, wani kuma zango mai zuwa shi zai zama mataimaki a kwas ɗin da mai jan biron zai ɗauka. Jami'o'in da suka ɗauki abin da muhimmanci sun yi masa shinge. Ana ɓoye sunan mai takarda. Ana raba aikin tambaya-tambaya, mutum ɗaya ya duba tambaya ta uku a duk takardun, don kada sa'ar ɗalibi ta dogara da hannun da takardarsa ta faɗa. Ana rubuta ma'aunin maki dalla-dalla, ana sa mataimaki ya bayyana waɗanda ya sani tun farkon zango, ana ba ɗalibi damar ɗaukaka ƙara zuwa ga malami. Amurka na da dokar sirrin bayanan ɗalibai tun 1974, kuma ana koya wa mataimaka cewa faɗa wa aboki makin wani laifi ne. Duk da haka shingen ya fi ƙarfi a fannin da amsa ke da fuska ɗaya. Manhaja ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, har na'ura na iya duba rabin aikin. Amma a ce ɗan aji uku ya auna maƙalar tarihi ko ta falsafa, ya ce wannan hujja ta fi waccan nauyi, wannan ina da ja a kai. Irin wannan awo yana buƙatar shekaru na karatu da ba shi da su.

Akwai kuma kuskuren da ke gadon kuskure. In mataimaki ya fahimci wani abu a karkace, zai koyar da shi a karkace ga mutum 20, daga cikinsu biyu su zama mataimaka baɗi. Maganinsa ɗaya ne, zaman mako-mako da malamin kwas, inda mataimakan ke warware jingar da kansu a gabansa kafin su shiga aji. Malamin da ya ɗauki mataimaka don ya huta, shi ne ya fi kowa kuskuren lissafi, domin riƙe mutum 40 masu koyarwa aiki ne cikakke na daban.

Wani nauyin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo bayan sakin jiki. Ɗalibin da ya amince da kai har ya ce bai gane darasi ba, wata rana zai ce maka bai ci abinci ba tun jiya, ko ya gaji da rayuwa. Wata rana kuma za ka ga aikin mutum biyu iri ɗaya sak, ɗayansu abokinka ne, kuma ƙa'ida ta ce ka kai rahoto. Wannan kaya ne mai nauyi a kan wanda shi ma gobe da safe yana da tasa jarrabawar.

Mu koma kan kuɗi. Hanyoyin sakayya sun bambanta: wasu jami'o'i na biya da sa'a, wasu na ba da makin kwas a madadin kuɗi, wato a lissafa aikin kamar kwas ne mutum ya ɗauka, wasu na haɗa biyun. Biya da makin kwas yana da wani abin mamaki a cikinsa, domin a Amurka ɗalibi ne ke biyan kuɗin karatunsa, ke nan yana biya ne don ya yi wa jami'a aiki. Kuma yana tace mutane ba tare da an yi niyya ba. Ɗan mai hali zai iya ba da sa'o'i 12 a mako kyauta, wanda ke wanke kwanuka a kantin abinci don biyan haya ba zai iya ba, sai a wayi gari kusanci da malamai da takardun shaida sun tafi ga waɗanda da ma suna da gata. A Brown, a 2015, lokacin cika shekara 50 da fara tsarin, sashen ya ƙaddamar da neman asusun dala miliyan 10 musamman don biyan mataimaka.

Ko da ana biya, sa'o'in takarda da na zahiri ba sa daidaita. Wanda ke son aikin, yana kuma ganin malamin a matsayin ubangida, da wuya ya rubuta cewa ya yi sa'o'i 18 a makon da aka ce ya yi 10. A nan ne maganar ƙungiya ta shigo. Hukumar kula da dangantakar ƙwadago ta Amurka ta sha yin amai tana lashewa a kan ko ɗalibi mai koyarwa ma'aikaci ne: a 2000 ta ce e, a 2004 ta ce a'a, a wata shari'ar da ta shafi Brown ɗin nan dai, sannan a watan Agustan 2016, a shari'ar Jami'ar Columbia, ta dawo ta ce e, kuma hukuncin ya haɗa da 'yan digirin farko a jami'o'i masu zaman kansu. A watan Maris na 2023 mataimakan sashen kwamfuta na Brown suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya da gagarumin rinjaye. Wato a gidan da aka fi alfahari da wannan al'ada, su kansu yaran sun ce aiki ne, a yi masa yarjejeniya. A Kalifoniya kuwa, yajin aikin ƙarshen 2022 a rassan Jami'ar Kalifoniya ya haɗa ma'aikatan ilimi kimanin 48,000 na tsawon makonni shida.

Hujjar da malamai ke kawowa ba ta banza ba ce. In kuɗin kowane mataimaki ya ninka kuma kasafin sashe bai ƙaru ba, za a ɗauki kaɗan, layin ɗakin taimako ya ƙara tsawo, ko a ƙayyade yawan masu shiga kwas. Wanda za a fara rufe wa ƙofa kuwa shi ne wanda ya fito daga sakandaren da ba a koyar da kwamfuta. Amma ni ina ganin hujjar ta tona asirin da take son rufewa. In kwas ba zai iya tsayawa ba sai da ƙwadagon da ba a biya shi cikakken haƙƙinsa ba, to jami'a ta karɓi kuɗin ɗalibai 2,000 ta ɗauki ma'aikatan da za su isa ɗalibai 500 kawai, ta bar yara su cike sauran. Ma'aunin mai sauƙi ne: a ce duk mataimakan sun zauna a ɗaki mako guda. In kwas ya ci gaba, to horo ne ake ba su. In ya tsaya cik, ma'aikata ne.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin lissafin a 'yan shekarun nan. Tun 2016 Ashok Goel na jami'ar Georgia Tech ya saka wata manhaja mai suna Jill Watson cikin masu amsa tambayoyin ɗalibai a wani kwas na intanet, da yawa ba su gane ba mutum ba ce sai da aka faɗa musu. A 2023 CS50, kwas ɗin share fage na kwamfuta a Jami'ar Harvard, ya fito da nasa mataimakin na na'ura, wanda aka tsara ya riƙa yi wa ɗalibi ishara maimakon miƙa masa amsa. Tambayoyin ƙarfe biyun dare irin su “me wannan saƙon kuskure ke nufi” za su koma can, babu shakka. Abin da zai rage wa ɗan Adam shi ne ɓangaren da ya fi wuya: lura da wanda ya daina zuwa, da zama da mutum a tabbatar shi ya yi aikin da ya miƙa. Wannan na buƙatar ƙarin horo ne, ba ragi ba.

A jami'o'in Najeriya galibi babu wannan matsayi a hukumance, domin mataimakin malami mafi ƙanƙanta shi ne wanda ya gama digiri ya yi bautar ƙasa. Amma aikin yana nan ana yinsa, sunansa tutoriyal. Duk wanda ya yi aji ɗaya a fannin kimiyya ya san daren da ɗakin lakca ke cika maƙil ana saura kwana biyu jarrabawa, wasu a kan taga, wani ɗan aji uku ya riƙe alli yana warware tsofaffin tambayoyi, muryarsa ta dushe. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi na shiryawa, ƙungiyoyin Kirista na shiryawa, na sassa da na jihohi ma haka, wasu kyauta don Allah, wasu kuma da kuɗi. Dalilin bai bambanta da na Berkeley ba. Kwamitin tantance buƙatun jami'o'i da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya ƙirga malamai 37,504 a jami'o'in gwamnati a 2012, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digirin digirgir. Mutane da yawa sun tsallake kwasa-kwasan aji ɗaya ne ta hannun waɗannan yara, amma babu mai tantance su, babu mai duba ko abin da suke koyarwa daidai ne, kuma mafi yawansu hanyar cin jarrabawa suke koyarwa, saboda ita aka zo nema.

In wani sashe zai mayar da wannan tsari na hukuma, ɓangaren Missouri da Colorado ne ya dace da shi, ba na jan biro ba. A wurin da ake yawan zargin ciniki da maki, ba ɗalibi ikon sa wa ɗan'uwansa maki neman fitina ne. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin shugaban sashe ba: a zaɓi kwasa-kwasai biyu ko uku da aka fi faɗuwa, a tantance masu koyarwar da gwaji a gaban allo, malamin kwas ya ba su sa'a ɗaya duk mako, a fara tun makon farko maimakon daren jarrabawa, a ƙayyade musu sa'o'i, a biya su ko da ta hanyar rage kuɗin rajista ne, a kuma ba su takardar shaida. Ƙungiyar malamai za ta tambaya ko wannan dabara ce ta ƙin ɗaukar sababbin lakcarori, kuma tana da dalilin tambaya, don haka tun a takardar farko ya kamata a rubuta cewa ba za a lissafa waɗannan ɗalibai cikin adadin malaman sashe ba idan masu tantancewa daga hukumar jami'o'i suka zo.